Tarihin Aikin Ba Ɗalibai Shawara a Malanville da Maƙwabtanta

1.0 Gabatarwa

Malanville gari ne a arewacin Jamhuriyar Benin, a bakin kogin Kwara, yana kallon garin Gaya na ƙasar Nijar. Daga Gaya kuwa zuwa Kamba ta Jihar Kebbi a Nijeriya babu nisa. Da can ana ce wa wurin Tassi, watau yashi da harshen Dendi, kafin Faransawa su sa masa sunan Malan, wani gwamnansu na Dahome. A kasuwar garin ana jin Dendanci da Zabarmanci da Fulatanci da Hausa. Saboda haka yaron da ya tashi a nan yana da ƙasashe uku a gabansa, da tsarin karatu iri biyu, na Faransanci da na Ingilishi. To, wane ne zai nuna masa hanyar da ta dace da shi? Shi kuma mai nuna hanyar, a ina ya koyi aikinsa? Wannan maƙala za ta bi tarihin aikin, ta kuma duba hanyoyin ƙara ilimi da ke gaban masu yin sa.

2.0 Kafin Zuwan Boko

A zamanin da, zaɓen sana'a bai cika wahalar da yaro ba, domin yawancin sana'o'i na gado ne. Ɗan maƙeri ƙira zai yi, ɗan masunci ya shiga jirgi, ɗan mahauci ya koyi fawa. Wanda aka ba malami, malamin ne ke duba ƙwazonsa, ya faɗa wa iyaye ko ya zarce da karatu ko ya kama sana'a. Ga kuma fatauci. Ɗaya daga cikin hanyoyin fataken goro masu zuwa Gwanja daga ƙasar Hausa tana ƙetare Kwara ne a wajejen Illo da Gaya, ta ratsa ƙasar Borgu. Saurayi yakan bi ayari a matsayin yaron wani, ya yi shekaru yana koyon lissafi da harsuna da halin mutane, kafin maigidansa ya ba shi jari. Duk waɗannan masu nuna hanya, wato uba da malami da maigida, sun san aikin da suke tura yaro ciki, don su ma shi suke yi.

Makarantar boko ce ta sauya wannan. Ta kawo ayyukan da iyaye ba su taɓa yi ba, kamar aikin akawu da na asibiti da na kwastan. Daga nan aka soma bukatar wani mutum na musamman, wanda ya san hanyoyin karatu da ayyukan da suke kaiwa.

3.0 Tushen Aikin a Ƙasashen Turawa

A shekarar 1908 wani Ba'amurke mai suna Frank Parsons ya buɗe ofishin ba matasa shawara kan sana'a a birnin Boston. Ra'ayinsa shi ne mutum ya san kansa, ya san ayyukan da ake da su, sannan ya auna biyun ya zaɓa. A Faransa kuwa, a 1928 aka kafa cibiyar horar da masu wannan aiki a Paris, a ƙarƙashin jagorancin masanin halayyar ɗan Adam Henri Piéron. Amurkawa sun fi ƙarfafa zama da ɗalibi a tattauna. Faransawa kuma sun ɗora aikin a wuyan hukuma, sun haɗa shi da gwaji da makin jarrabawa. Waɗannan hanyoyi biyu su ne suka shigo Afirka ta Yamma, kowace ta bi harshenta.

4.0 Hanyar Nijeriya

Masana sukan faro tarihin aikin a Nijeriya daga 1959, lokacin da malamai mata 'yan ɗarikar Katolika na makarantar St. Theresa a Ibadan suka gayyato ma'aikata daga waje, suka yi wa 'yan matan ajin ƙarshe bayanin ayyukansu. A 1976 Jami'ar Ibadan ta buɗe sashen koyar da jagoranci da ba da shawara. A shekarar ne kuma aka kafa ƙungiyar masu wannan aiki, wadda aka sani da CASSON, Farfesa Olu Makinde ya zama shugabanta na farko. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce za a sa masu ba da shawara a makarantun gaba da firamare, kuma tun da ƙwararru sun yi ƙaranci, za a horar da malaman da ke da sha'awa. Da aka soma tsarin 6-3-3-4 a 1982, bukatar ta ƙaru, domin bayan shekara uku na ƙaramar sakandare sai an raba yara, waɗansu kimiyya, waɗansu fasaha ko kasuwanci, waɗansu koyon sana'a.

Ta haka aikin ya sami matakai. Malamin aji yana iya yin digiri a fannin, ya yi na biyu, har na uku, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko Bayero ta Kano, ko Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Ƙungiyar CASSON tana yin taron shekara shekara, tana da mujallar da ake buga bincike. A 2022 aka sa hannu a kan dokar kafa majalisar da za ta yi wa masu aikin rajista. Duk da haka, a makarantu da yawa akan ba mai ba da shawara darasi ya koyar kamar kowa, ba shi da ɗakin da ɗalibi zai same shi a keɓe.

5.0 Hanyar Benin da Nijar

A Malanville da Gaya tsarin Faransa aka gada. Yaro yana yin shekara 6 a firamare, ya yi 4 ya zauna jarrabawar BEPC, ya ƙara 3 ya zauna Bakaloriya. Bayan BEPC ake raba ɗalibai rukuni rukuni. A Benin rukunin A na adabi ne, B na tattalin arziki, C na lissafi, D na kimiyyar halittu, ga kuma rukunan fasaha. A wannan rabo maki ne mai babbar murya, shugabannin makaranta da malaman aji su ne ke kusa da ɗalibi idan yana neman shawara.

Abubuwa uku sun faɗaɗa aikin a arewacin Benin. A 2001 aka buɗe Jami'ar Parakou, ɗan arewa ya sami jami'a kusa da gida. A 2005 gwamnati ta kafa takardun shaida na CQP da CQM don yaran da ke koyon sana'a wajen masu gida, kamar kanikanci da ɗinki. A 2006 kuma aka soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati, yara suka ƙaru ƙwarai. Mai ba da shawara ya zama tilas ya san hanyar jami'a, ya kuma san ta gareji.

6.0 Darasin Bakin Iyaka

Abubuwa biyu da suka faru kwanan baya sun nuna nauyin wannan aiki. Na farko, bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, an rufe gadar Malanville da Gaya. Manyan motoci suka yi dogon layi, 'yan dako da masu fiton kaya suka rasa abin yi, jama'a suka koma ƙetarewa da jiragen ruwa. Matashin da ya bar aji don yana ganin kuɗi a bakin gada ya ga cewa iyaka tana iya rufewa dare ɗaya. Na biyu, a Janairun 2024 Nijeriya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya bayyana yadda ya sami digiri a Kwatano cikin mako shida. Ɗaliban da suka yi karatun gaskiya ma abin ya shafe su.

Saboda haka mai ba da shawara a irin wannan gari yana bukatar ilimin ƙasashen uku. Ya san ƙa'idojin JAMB, hukumar shiga jami'o'in Nijeriya da aka kafa a 1978. Ya san CAMES, hukumar da aka kafa a Yamai a 1968, wadda ke duba darajar digiri a ƙasashe masu Faransanci. Ya iya bincika a intanet ko hukuma ta amince da makarantar da ɗalibi ke so. Ya kuma iya yi wa iyaye bayani da Dendanci ko Hausa, don su ne masu biyan kuɗin.

7.0 Kammalawa

An ga yadda nuna wa yaro hanya ya tashi daga hannun uba da malami da maigida, ya koma aikin da ake koyo a jami'a. Nijeriya ta gina masa digiri da ƙungiya da doka, Benin da Nijar sun ɗora shi a kan jarrabawa da rukunai. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma fa sai wanda aka tambaya ya san hanya. Ɗalibin Malanville zai amfana ne idan malaminsa ya sami horon da ya haɗa sanin tsarin biyu.