BCL11A

BCL11A sunan wata ƙwayar halitta ce ta gado da ke kan kuromosom na 2 a jikin ɗan Adam. Furotin ɗin da take samarwa shi ne ke dakatar da haemoglobin na jarirai, wato HbF, 'yan watanni bayan haihuwa, sai na manya ya maye gurbinsa. A wannan lokacin ne alamun ciwon sikila, ko amosanin jini, ke fara bayyana ga yaran da suka gaje shi daga uwa da uba.

An gano alaƙarta da HbF a 2007 da 2008, ta hanyar sabuwar fasahar kwatanta ƙwayoyin gadon mutane masu yawa a lokaci guda. A 2008 ɗakin binciken Stuart Orkin da ke Boston, Amurka, ya nuna cewa rage aikinta yana dawo da HbF. Bayan ɓullar fasahar gyaran ƙwayoyin gado ta CRISPR a 2012, aka samu damar gyara sashen da ke kunna ta a ƙwayoyin ɓargo. A kan wannan aka gina maganin sikila mai suna Casgevy, wanda Birtaniya ta amince da shi a Nuwamba 2023, Amurka kuma a Disamba.

Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila. Farashin Casgevy a Amurka dala miliyan 2.2 ne, shi ya sa gwajin jini kafin aure ya kasance babbar kariya ga iyalai a garuruwan Najeriya irin su Sabon Birni da Isa.