Sunayen Masu Son Zuciya: Daga Fada zuwa Siyasa

Daga rayuwar fada Hausawa suka samo karin maganar "a bi yarima a sha kiɗa", wadda ake faɗa wa mai raɓar masu mulki don abin da zai samu. Daga baya aka samu "ɗan amshin Shata", daga 'yan amshin mawaƙi Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, wato mai maimaita duk abin da babba ya faɗa. A 1998 an kira masu roƙon Janar Abacha ya ci gaba da mulki "'yan tazarce". Kalmar ta sake fitowa a Nijar a 2009, lokacin da Shugaba Tandja ya nemi ƙarin shekara 3, kafin sojoji su hamɓarar da shi a 2010. Wanda aka kira da sunayen biyun farko, gori aka yi masa.