Gayya Ba Ta Rubuta Manhaja: Tarihin Gajiyar Masu Aikin Kwamfuta

A Sallar layya da ta wuce wani yayanmu ya zo gida Kance daga Yamai. Shekara uku ke nan yana rubuta manhajar waya ga wani kamfani na ƙasar waje, wanda bai taɓa ganin ofishinsa da ido ba. Mu ƙannensa mun ɗauka ya gama hayewa: ga kwamfuta, ga albashi, ba rana ba ƙura. Amma kwana huɗun da ya yi ban ga ya yi barcin kirki ba. Ƙarfe uku na dare yana zaune a zaure, fuskarsa cikin hasken allo. Ana hira sai hankalinsa ya tafi, waya na yin ƙara sai ya zabura. Inna ta ce ko sammu ne, Baba ya ce gajiyar birni ce. Ni kuwa da na bi diddigi sai na tarar abin da ke damunsa yana da tarihi, tarihin da ya girmi yawancin malamanmu.

Mu fara daga 1968. A watan Oktoban shekarar, ƙungiyar NATO ta tara masana a garin Garmisch na Jamus, domin ayyukan manhaja sun zama abin tsoro: ba a gama su kan lokaci, suna cin kuɗi fiye da ƙiyasi, in an gama kuma cike suke da kurakurai. To, manajoji sai suka riƙa yin abin da kowane mai gona zai yi in damina ta matsa: a ƙaro hannu, a ƙara awoyi.

A nan Kance mun san amfanin wannan dabara. In ciyawa ta fi ƙarfin mutum a gonar hatsi ko gyaɗa, sai ya kira gayya. Samari ashirin za su nome abin da mutum guda zai yi kwana ashirin a kai, domin kowa ya san noma, kowa da kuyyarsa, ba sai ya tambayi na kusa da shi ba. Fred Brooks, wanda ya shugabanci aikin manhajar OS/360 a kamfanin IBM, ya gano cewa manhaja ba haka take ba. A littafinsa na 1975 ya nuna cewa in aiki ya makara aka ƙaro mutane, ƙara makara yake yi. Dalili kuwa a fili yake. Sabon zuwa sai an koya masa abin da aka riga aka rubuta, kuma waɗanda za su koya masa su ne waɗanda aikin ke kansu. Sa'an nan kowa sai ya san abin da ɗan'uwansa ke yi. Mutum 5 suna da hanyoyin magana 10 tsakaninsu, mutum 20 kuwa 190. Tunda ƙarin hannu bai yi magani ba, nauyin sai ya koma kan awoyi, wato kan barcin waɗanda ke wurin.

A daidai wannan lokacin ne ciwon ya sami suna. A 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam a New York, Herbert Freudenberger, ya lura da masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta da shi ma yake taimakawa a ciki. Sun fara da zafi, bayan kamar shekara guda sai ga ciwon kai, rashin barci da saurin fushi. Ya kira halin da wata kalmar Turanci mai ma'anar ƙonewa, kamar aci-balbal da mai ya ƙare tana cin lagwani. Abin lura shi ne, masu ƙwazo abin ya fi kamawa. Bayan shekara biyu, a 1976, Joseph Weizenbaum na jami'ar MIT ya siffanta samarin da yake gani a ɗakunan kwamfuta: suna yin awa 20 zuwa 30 a zaune, ba wanka, ba abincin kirki, suna kwana kusa da injin. Shi gargaɗi yake yi. Amma da tafiya ta yi tafiya, masana'antar ta mai da wannan hoton abin alfahari, har yaro ya ɗauka wanda bai kwana ido biyu ba bai iya aiki ba.

Su kansu masu rubuta manhaja ne suka fara cewa ya isa. A 1999 Kent Beck ya sa aikin awa 40 a mako cikin ƙa'idojin tsarin aikinsa, bisa hujjar cewa gajiyayye kurakurai yake shukawa, gobe a ɓata lokaci ana cire su. A watan Fabrairun 2001 mutum 17 suka haɗu a Snowbird, jihar Utah ta Amurka, suka fitar da sanarwar Agile, wadda ɗaya daga cikin ƙa'idojinta ta nemi a yi aiki da saurin da za a iya ɗorewa a kai. A takarda dai an yarda, a ofis kuwa ba a fasa ba. A watan Nuwamban 2004 Erin Hoffman, wadda saurayinta ke aiki a kamfanin wasanni na Electronic Arts, ta rubuta wasiƙa ba tare da sunanta ba, tana bayyana yadda ake sa su aiki kwana bakwai a mako ba kuɗin ƙarin lokaci. Magana ta kai kotu, kuma a 2006 kamfanin ya amince ya biya masu rubuta manhajarsa dala miliyan 14.9.

Daga nan hukumomi suka shigo. A Faransa, tun 1 ga Janairun 2017, doka ta tilasta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna haƙƙin ma'aikaci na ƙin amsa saƙon aiki bayan tashi. A Sin, a watan Maris na 2019, masu manhaja suka yi bore a shafin GitHub kan tsarin 996: ƙarfe 9 na safe zuwa 9 na dare, kwana 6, awa 72 ke nan a mako. A watan Agustan 2021 kotun ƙolin ƙasar ta ce tsarin ya saɓa doka. A Mayun 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan ƙonewa a matsayin abin da wurin aiki ke haifarwa, da alamu uku: ƙarewar ƙarfi, jin ka tsani aikin ko ka yi nesa da shi, da raguwar iya yinsa. Ka ga ke nan ba ragwanci ba ne, ba kuma sammu ba.

To mu fa? Yanzu ɗalibai da yawa daga Kance da Matamai suna cin jarrabawar bak su nufi Jami'ar André Salifou ta Damagaram ko Yamai da niyyar karatun kwamfuta, kuma daidai ne. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ita ma awa 40 ta ce a mako. Amma wanda yake yi wa baƙo aiki daga ɗakinsa, wane sufeto zai zo ya ƙirga masa awoyi? Ga namu ƙarin nauyin da Brooks bai sani ba. In mai aikin yana Amurka, safiyarsa yammarka ce, yammarsa tsakar darenka. Ga wuta: duk mun tuna Agustan 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke lantarkin da take ba mu, yadda aka riƙa yawon neman wurin cajin waya. Mai manhaja a irin wannan hali ba ya barci in wuta ta zo, ko ƙarfe nawa ne. Ga kuma gida: da zarar an ji kana aikin kwamfuta, buhun hatsi, kuɗin magani da ragon suna duk sun zama naka, kunya kuma ba ta barinka ka ce ka gaji.

Gayya ba ta gyara jadawalin manhaja, wannan Brooks ya yi gaskiya. Amma akwai abin da ke cikinta wanda masu kwamfuta suka yi shekara 50 suna nema. Gayya tana da ƙarshe: rana na faɗuwa a saɓa hauya a tafi gida. Tana da fura da tuwo a tsakiya. Kuma ba a yin ta mutum ɗaya, in ka jigata na kusa da kai zai gani kafin ka faɗi. Don haka, ƴan'uwa masu shirin shiga wannan sana'a, tun ranar da ake maganar kuɗi ku yi maganar awoyi, a rubuta. Ku ware lokacin da ake kashe injin. Ku nemi abokan sana'a ko da uku ne, waɗanda za ku iya gaya wa gaskiya. In rashin barci da ƙuncin zuciya suka yi makonni, a je likita kamar yadda ake zuwa don zazzaɓi, ba abin kunya ba ne.

Ranar da yayanmu zai koma, na raka shi tasha na ba shi labarin Freudenberger da fitilarsa. Ya yi dariya, ya ce ashe har suna gare ta. Daga baya ya kira Inna ya ce mata ya faɗa wa mai aikin cewa Juma'a da yamma ba zai riƙa amsa waya ba. Ba a kore shi ba. Muna jiran mu ga idanunsa a Salla mai zuwa, in Allah ya kai mu.