Daga Allon Kwanan Wata Zuwa Sauraro: Yadda Horar da Masu Kula da Tsofaffi Ya Sauya

A ajin horar da masu kula da tsofaffi akwai tambayar da malamai ba sa tsallakewa. Tsohuwa ce mai shekara 85, gigin tsufa ya kama ta. Da la'asar sai ta miƙe tana neman takalmanta, wai za ta gida, mahaifiyarta na jira. Mahaifiyar kuwa ta rasu tun shekara 40 da suka wuce. Me mai kula zai ce mata? Tun daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa yau amsar da ake koyarwa ta sauya fiye da sau ɗaya, kuma tarihin wannan fanni kusan duka yana cikin wannan sauyi.

Da farko babu wanda ya damu da amsar. A manyan asibitocin Ingila da Amurka ana koya wa mataimakan jinya wanka da ciyarwa da juya mara lafiya don kada kwanciya ta yi masa gyambo, shi ke nan. Littafin da Barbara Robb ta fitar a 1967 ya tona irin wulaƙancin da tsofaffi ke sha a ɗakunan asibitocin Ingila, har gwamnati ta kafa bincike.

Amsa ta farko da aka tsara ta fito ne daga Dokta James Folsom, likitan ƙwaƙwalwa a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka. Ya fara a Topeka a 1958, ya faɗaɗa aikin a Tuscaloosa a shekarun 1960. Dabararsa ita ce a riƙa dawo da mai gigi cikin yau. Aka kafa allo a bango ɗauke da sunan wurin da rana da kwanan wata da abincin da za a ci a gaba, aka umarci kowane ma'aikaci ya riƙa tunatarwa dare da rana. Ya kamata a ba Folsom haƙƙinsa, domin shi ne ya ga cewa mataimakin jinya, wanda ya fi kowa daɗewa a gefen gado, maganarsa ma magani ce. Amma da tsarin ya faɗa hannun ma'aikatan da aka koya wa a gurguje, sai ya koma gyaran kuskure zalla. Za a dubi tsohuwar nan a ce mata mahaifiyarta ta rasu, ta fashe da kuka kamar yanzu aka yi mata saƙon mutuwar. Gobe ta manta, ta sake tambaya, a sake faɗa mata.

Naomi Feil ta ga wannan da idonta. An haife ta a Munich ta ƙasar Jamus a 1932, ta girma a cikin gidan tsofaffi na Montefiore a Cleveland, inda mahaifinta ke shugabanci, mahaifiyarta kuma ke riƙe da sashen jin daɗin mazauna. Ta dawo aiki da tsofaffi a 1963, ta gwada tunatarwar, ta ga suna ƙara janye jiki. Sai ta fara koyar da wata hanya: kada a yi musu da tsohuwa, kada kuma a yi mata ƙarya. A zauna daidai idonta a ce, “Iya, kina kewarta ko? Ba ni labarinta.” A wannan shekara ta 1963 ne kuma likita Robert Butler ya rubuta cewa yawan tuna baya da tsofaffi ke yi bitar rayuwa ce mai amfani, alhali a lokacin ana ɗaukarsa alamar lalacewar ƙwaƙwalwa. Binciken kimiyya bai tabbatar da hanyar Feil da ƙarfi ba, amma muryarta ta shiga aikin ta zauna.

Wanda ya juya akalar fannin gaba ɗaya shi ne Tom Kitwood. Ya taɓa koyarwa a Yuganda kafin ya koma Jami'ar Bradford, inda ya kafa cibiyar nazarin gigin tsufa a 1992. Hujjarsa mai nauyi ce: wani ɓangare na taɓarɓarewar da ake ɗora wa cutar, mu'amalar mutanen da ke kewaye ce ke jawo shi. Ya lissafa halaye 17 da ke rushe mutuncin mai gigi, kuma duk wanda ya yi aikin dare a gidan tsofaffi ya san su. A yi masa magana kamar jariri. A yi hira a kansa kamar ba ya wurin. A tura masa cokali kafin ya haɗiye na baya. A yaudare shi don ya shiga banɗaki. Kitwood ya nanata cewa masu yin haka ba mugaye ba ne, al'adar wurin aiki suka gada, kuma wannan adalci ne ya sa ma'aikata suka saurare shi ba tare da jin an ci fuskarsu ba. Ya kuma tsara hanyar sa ido: mai lura zai zauna a falo na sa'o'i, kowane minti 5 ya rubuta abin da mazauni ke yi da yanayin ransa, sannan a zauna da ma'aikata a duba tare. Da yawa a nan suka fara ganin cewa mutumin da ba ya damun kowa ya wuni babu wanda ya ce masa uffan. Kitwood ya rasu a 1998, shekara guda bayan fitowar babban littafinsa.

Daga nan sai alƙaluma suka shigo. A 2006 Jane Fossey da abokan aikinta suka gwada horo na wata 10 a gidajen jinya 12 a Ingila. Bayan shekara, kashi 23 cikin 100 na mazauna gidajen da aka horar ne ke shan magungunan taɓin hankali masu kwantar da mutum, a sauran gidajen kuwa kashi 42, kuma tashin hankali bai ƙaru ba. A 2009 rahoton Farfesa Sube Banerjee ya ƙiyasta cewa masu gigi 180,000 ake ba waɗannan magunguna a Birtaniya, kuma suna jawo ƙarin mace-mace kusan 1,800 a shekara. Gwajin WHELD da aka buga a 2018, a gidaje 69 da mazauna 847, ya nuna cewa horar da ma'aikata tare da hira ko wani aiki da mazauni ke so na sa'a guda a mako ya inganta rayuwarsu ya rage fushi da rashin natsuwa.

Abin da masu horarwa suka koya da wahala shi ne bitar yini guda ba ta sauya komai. Ma'aikaciya za ta fito aji da niyya mai kyau, ta koma ta tarar da mutum goma na jiran wanka kafin karin kumallo. Horon da ya yi tasiri shi ne wanda mai koyarwa ke komawa gidan wata da watanni, yana tsayawa tare da su a bakin aiki, shugaban gidan kuma ya ba da lokaci. Ga ƙarancin albashi da ke sa ƙwararru barin aiki. Doka ta taimaka kaɗan: Amurka ta wajabta horon aƙalla sa'a 75 ga mataimakan jinya da dokar 1987, Ingila ta fito da takardar shaidar kula a 2015.

Allon Folsom ma bai mutu ba. Mai bincike Aimee Spector ta tace shi ta haɗa da tuna baya, ta fito da zaman rukuni 14, minti 45 kowanne, sau biyu a mako, inda ake neman ra'ayin mutum maimakon jarraba shi. An gwada tsarin a 2003, hukumar NICE mai tantance hanyoyin magani a Ingila ta amince da shi a 2006. Shi ne masu bincike suka daidaita a yankin Ibadan da gundumar Hai ta Tanzaniya, suka sauya ayyukan rubutu saboda waɗanda ba su yi boko ba, suka yi amfani da kayan da ake samu a ƙauye. A ƙasar Hausa mai kular galibi 'ya ce ko mata ko suruka, kuma sau da yawa babu wanda ya taɓa zaunar da ita ya koya mata. Irinta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nufa da littafin horo na iSupport a 2019, wanda ke da darasi kan sauyin halayen mai gigi da wani kan yadda mai kula za ta kula da kanta.