Zoben namiji: daga azurfar Madina zuwa ƙarfen da ya faɗo daga sama

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Jama'ar masallaci, kaka ta shigo, ɗaurin aure ya yawaita a Madarumfa da ƙauyukanta. Samarinmu kuma suna gani a wayoyinsu ana tallar zoben ango na baƙin ƙarfe mai sheƙi, na tangistan da taitaniyam, har da wanda ake cewa daga dutsen sama aka yanko shi. Kafin ka miƙa kuɗinka, ɗan'uwa, saurari tarihin abin.

Manzon Allah (SAW) ya yi zobensa ne don buƙata. Bayan sulhun Hudaibiyya a shekara ta 6 bayan hijira, ya yi nufin aika wasiƙu ga sarakunan Rum da Farisa, aka shaida masa cewa ba sa karɓar takardar da ba ta da hatimi. Sai aka ƙera masa zoben azurfa, aka zana sunansa da manzancinsa a layi uku. Zoben ya koma hannun Abubakar, sannan Umar, sannan Usman, har ya faɗa rijiyar Aris a Madina wajen shekara ta 30. Kwana uku ana nema ba a gan shi ba. Kafin wannan ya taɓa sa na zinariya, ya cire ya jefar, ya kuma haramta ta ga mazan al'ummarsa.

A kan haka malaman Malikiyya suka tsaya. Namiji yana sa zobe ɗaya na azurfa, nauyinsa kada ya wuce dirhami 2, wato kusan giram 6. Zinariya haramun ce, ko da an gauraya ta ta yi fari. Baƙin ƙarfe da jan ƙarfe da darma makaruhi ne, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid ta kawo hani a kan zoben ƙarfe. Wasu malaman Shafi'iyya sun halatta shi, hujjarsu sahabin da aka umarta ya nemo sadaki ko da zoben ƙarfe ne. Kakanninmu hanyar Malik suka bi: maƙeran fari su narka riyalin azurfa mai tambarin 1780 su yi zobe, maƙeran baƙi su yi fartanya da lauje.

Shi kuwa dutsen sama, sarakuna sun daɗe suna kwaɗayinsa. A 1925 an samu wuƙa a jikin gawar wani Fir'auna, Tutankamun, binciken 2016 ya tabbatar da cewa ƙarfenta daga sama ya zo. A 1621 wani ya faɗo a yankin Panjab, sarkin Hindu Jahangir ya sa aka haɗa shi da ƙarfen ƙasa aka ƙera masa takubba. Mu ma ba baƙonmu ba ne. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani mai nauyin kilo 18 ya faɗo a Zagami, cikin ƙasar Katsina maƙwabciyarmu. A Nuwamba 2023 aka tsinci wani a jahar Agadas mai kusan kilo 25, aka sayar da shi a Amurka a Yuli 2025 kan dala miliyan 5 da ɗoriya, abin da ya sa gwamnatin Nijar ta buɗe bincike. Waɗannan biyun duwatsu ne, masana sun ce daga duniyar Mirrik suka fito. Wanda ake yi wa zobe wani iri ne daban, mafi yawansa baƙin ƙarfe ne gauraye da nikel, kamar wanda aka samu a Gibeyon ta Namibiya.

To ka ga, faɗowa daga sama ba ta canza masa hukunci ba. Ƙarfe ne, hukuncin ƙarfe zai ɗauka. In an zauna da shi cikin zinariya, ya zama haramun. In ka ƙudurta cewa zai kawo sa'a ko ya kare aure daga mutuwa, ka taɓa tauhidinka, wannan kuwa ya fi komai haɗari.

Akwai kuma alwala. A mazhabarmu, zoben da shari'a ta yi izini da shi ba dole ne a motsa shi ba. Wanda ba ta yi izini da shi ba, in ya matse yatsa har ruwa bai shiga ba, wajibi ne a cire shi, in ba haka ba an bar lam'a, salla ta shiga matsala. Ga shi kuma ƙarfen sama yana tsatsa, kai kuwa sau biyar kake taɓa ruwa a yini.

Sanya zobe a matsayin alamar aure daga Rumawan da ya samo asali, coci ta gada, mazan Turawa ma sai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yaɗu a tsakaninsu. Aurenmu da waliyyi da sadaki da shaidu biyu da siga yake ɗauruwa. In kana son zobe, je wurin maƙerin fari a Maraɗi, a auna maka azurfa a gabanka, ka sa a ƙaramin yatsan hagu da niyyar koyi da sunna. Sauran kuɗin ka ƙara wa amaryarka a sadaki, ko ka sayi buhun hatsi.

Allah ne mafi sani. Allah ya sanya albarka a aurarrakinmu, ya ba mu zuriya ɗayyiba. Amin.