Canon EOS R1: abin da masu ɗaukar hoto ke aunawa kafin su saya

EOS R1 ita ce babbar kyamarar kamfanin Canon na ƙasar Japan a jerin marasa madubi. An ƙaddamar da ita ranar 17 ga Yulin 2024, ana dab da buɗe wasannin Olamfik na Paris, kuma ta shiga kasuwa a watan Nuwamba kan dala 6,299, wato sama da sefa miliyan uku da rabi kafin a biya kwastan. Ita ce ta gaji EOS-1D X Mark III ta 2020.

Yadda take aiki

Tsofaffin kyamarorin ƙwararru suna da madubi a ciki, wanda ke ɗagawa duk sanda aka latsa. R1 ba ta da shi: haske na faɗawa kai tsaye kan sensa, wato farantin da ke mayar da shi hoto. Tana iya ɗaukar hoto 40 a daƙiƙa ɗaya, kuma tana ajiye na rabin daƙiƙar da ta gabaci latsawa, don kada mai ɗauka ya rasa lokacin da ƙwallo ta bar ƙafar ɗan wasa. Tana bin idon mai ɗauka don gane inda yake so hoton ya fito sarai, kuma an koya mata motsin ƴan ƙwallon ƙafa, kwando da raga.

Inda ake taƙaddama

Gardamar tana kan megafiksel, wato yawan ɗigon da ke haɗa hoto. R1 tana da 24.2 kacal, alhali Nikon Z9 na da 45.7, Sony a1 kuma 50, dukansu tun 2021. Masu suka na ganin kuɗin ya yi yawa ga wannan adadi, musamman ga mai ɗaukar tsuntsaye ko namun daji, wanda yakan yanko ɗan yanki daga hoto ya faɗaɗa shi. Masu aikin jarida da wasanni kuwa suna cewa ƙaramin hoto ya fi saurin aikawa, kuma 24 ta ishi shafin jarida da na intanet.

Abin da ya ƙara zafafa maganar shi ne EOS R5 Mark II, wadda Canon ya fitar a rana guda: megafiksel 45, hoto 30 a daƙiƙa, bidiyon 8K, kan dala 4,299. R1 tana tsayawa ne a 6K.

Kuɗin da ba ya cikin farashi

Ana sayar da kyamarar ba tare da gilashin gaba ba, wanda masu sana'a ke kira lens. Bakinta na RF ne, tsarin da Canon ya fara a 2018, don haka mai tsofaffin gilasai na EF sai ya sayi mahaɗi. Ba ta karɓar katin SD da aka saba da shi; katin CFexpress kaɗai take ci, kuma ya fi tsada. Nauyinta da batir ya haura kilo ɗaya. Dubban hotuna a wuni guda kuma suna bukatar kwamfuta mai ƙarfi da wurin ajiya.

Wa ta dace da shi?

R1 an yi ta ne don abin da ke wucewa cikin ƙiftawar ido: filin ƙwallo, kokawa, sukuwar dawaki. Mai aikin biki, suna da situdiyo a Garwa, Njamena ko Maraɗi ba kasafai yake bukatar hoto 40 a daƙiƙa ba. A wurinsa, tazarar farashin da ke tsakanin kyamarorin biyu, wadda ta kai dala 2,000 a 2024, za ta iya sayen gilashi mai kyau da fitila, kuma su ne abokin ciniki zai gani a fuskar amarya.