Hukumar da ta kawo takardar fam Afirka ta Yamma

Kafin 1912 babu wata hukuma guda da ke fitar da kuɗi musamman don ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Ingila. Sulallan azurfa na Ingila ake loda wa jiragen ruwa a kawo Legas, kuma tun 1894 Bank of British West Africa, wanda yau ake kira First Bank, shi ke da wannan harka. A Arewa kuwa wuri ne kuɗi, ana ɗura dubu 20 a keso guda, jaki ya ɗauka. Turawa sun hana shigo da wuri a 1904, suka sako anini da kwabo masu huda a tsakiya, amma babban ciniki sai da azurfa.

Azurfar ce ta tayar wa Landan hankali. Yawan sulallan da ke kwarara Afirka ta Yamma ya kai Baitulmalin Ingila na tsoron ranar da kasuwa za ta faɗi, su komo gida a tare. Gwamnonin mulkin mallaka su ma suna da ƙorafi: azurfar da ke cikin sule ba ta kai darajar sule ba, kuma rarar duk Landan ke cinyewa. Aka naɗa kwamiti ƙarƙashin Lord Emmott, shawararsa ta haifi Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma a 1912, don Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. Ofishinta na Landan. Ƙa'idarta ɗaya ce: ba ta fitar da fam a nan sai an ajiye mata fam na Ingila a can. Ba ta ba da rance, ba ruwanta da ko manomi na da jari. Ajiyar kuma a takardun bashin gwamnati ake zuba ta a Landan, wato dukiyar talakan Kano da Kumasi na yi wa wasu aiki a wani wuri. A ganina duk wanda ke yabon ƙarfin kuɗin zamanin Turawa ya kamata ya faɗi wannan ma.

A 1913 hukumar ta fito da nata taro da sisi da sule da dala na azurfa, aka karɓa ba gardama. Takarda kuwa Yaƙin Duniya na Farko ne ya tura ta kasuwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanoni na neman tsabar da za su biya manoma, ga azurfa ta yi tsada, ga teku ba lafiya. A 1916 aka fito da takardun dala, sule goma da fam ɗaya, a 1918 aka ƙara ta sule guda. Akwai hoton kwakwar manja a jikinsu, da rubutun Larabci don waɗanda ba su yi boko ba.

Mutane suka ƙi, kuma da hujjarsu. Ka ɗauki manomin da ya kai gyaɗarsa gaban sikeli. In an ba shi sule na azurfa, zai buga shi a dutse ya ji ƙararsa, ya zuba a tukunya ya binne a ɗaka, shekara goma yana nan. In ta matsa, maƙerin farfaru zai narka shi ya yi wa amarya munduwa. Takarda fa? Gara ta ci, ɗigar damina ta jiƙa, gobarar hunturu ta lashe, gumi ma kaɗai ya isa ya ruɓar da ita a lalita. Ga rashin canji: mai fura ba ta da abin da za ta mayar wa mai sule goma. Sai 'yan canji suka samu sana'a, suna karɓar takarda a ƙasa da darajarta su ba da tsaba. Mafitar talaka ita ce ya miƙa ta wurin biyan haraji ko jangali, inda hukuma ba ta da bakin ƙin abin da ita ta buga.

A 1920 hukumar ta daina buga azurfa, ta koma sulallan gaurayen tagulla. Daga nan tsaba ta rasa rabin kwarjininta, duk da haka takarda ta daɗe tana bin bayanta. Takardar fam biyar da aka fitar a 1919 janye ta aka yi bayan 'yan shekaru, ba ta dawo ba sai 1954. Sai bayan Yaƙi na Biyu, da farashin koko da gyaɗa ya hau, albashi ya yawaita, fatake suka gaji da dakon buhunan sulalla, sannan takarda ta zauna.

Lokacin da ta zauna kuma hukumar ta kusa tashi. 'Yan siyasar neman 'yanci sun ce ƙasa ba ta cika ƙasa ba in wani ke riƙe da kuɗinta. Gana, wato tsohuwar Gwalkwas, ta fito da nata fam a 1958. Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki ranar 1 ga Yuli 1959 da takardunsa, Saliyo da Gambiya suka bi a 1964. Lissafin fam da sule dai ya ci gaba a kasuwannin Nijeriya har Janairun 1973, da naira ta zo.